Kura a Bangon Ma'ajiyar Auduga

Mutanen Malonja da dariya suke buɗe kasuwar Litinin. Kafin a baza tumatir, kafin a ɗaure akuya a turke, sai an fara tsayawa gaban dogon bangon ma'ajiyar auduga an ga wanda Sayi Luhende ya kama a makon. Shekara bakwai ke nan yana wannan aiki da gawayi. Ya zana fadan coci yana gyangyaɗi a tsakiyar wa'azinsa, ya zana likitan dabbobi saniya na yi masa allura. Tun da aka buga gangar zaɓen kansila kuwa, 'yan takarar biyu ba su sake hutawa ba: Kashinje mai riƙe da kujerar, da Mama Nshoma, tsohuwar malamar firamare da ta fito ƙwace ta.

Wannan Litinin ɗin, saura kwana shida a jefa ƙuri'a, ba wanda ya yi dariya.

Kura ce a bangon, ƙatuwa, Mama Nshoma na zaune a gadon bayanta da idanu jajaye wur. Gabansu rijiya, bayan rijiyar ƙananan kaburbura biyu. Kowa ya san yara biyu da gudawa ta kashe a unguwar rijiya watan jiya. A can ƙasa, inda aka saba ganinta, ga 'yar hawainiyar da Sayi ke sa hannu da ita.

Wata mata ce ta fara furta kalmar, mayya. Kafin ruwan shayi ya tafasa a rumfunan kasuwa, duwatsu sun sauka a kan rufin Mama Nshoma, ɗakin girkinta ya kama da wuta. Sai da aka jawo mahaifiyarta daga cikin hayaƙi, tsohuwa tukuf da hannu a ƙone, sannan jikin mutane ya yi sanyi. Dangin Nshoma suka iso da sanduna suna neman wanda ya fara, masu jifa kuma duk bakinsu ya zo ɗaya: Sayi ne ya faɗa, Sayi kuwa bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Bundala, ntemi, wato shugaban sungusungu masu tsaron gari, ya sa aka kulle Sayi a ofishin ƙauye tun kafin a yayyaga shi. Ya kuma yi shela: daga yanzu zuwa ƙarfe huɗu ba mai magana da Sayi ko iyalinsa, ba mai sayar musu da ko gishiri. Ƙarfe huɗu za a taru gaban bangon. In laifin ya tabbata za a ware shi har abada, ko mutuwa aka yi a gidansa shi kaɗai zai haƙa kabarin.

Sannan ya aika a kira dattijon nan mai bin sawu, Mzee Jilala.

* * *

Shekara talatin Jilala yana bin sawun shanun sata. An ce ya taɓa bin wani bijimi kwana tara har bakin tafki, ya dawo da shi da ɓarawon a igiya ɗaya. Ya iso a kan tsohon kekensa, ya jingine shi a jikin bishiyar mangwaro, bai ko ɗaga kai ya dubi kurar ba. Ƙasa ya duba.

Ya yi sa'a biyu. An yi ruwa jiya da yamma, ƙasar ta yi laushi. Sannan tsoron hoton ya hana kowa matsawa, don haka taku huɗu daga bangon ba wanda ya tattaka. Ya tsuguna.

Mutum ɗaya ne, sanye da takalmin taya. Tayar tana da tabon faci a gefe, tabon da duk garin ya sani a sawun Sayi. Mutumin ya tsaya a wuri uku a jere, ƙafafu a haɗe, ya daɗe a kowane wuri har dugadugansa suka nutse. Kusa da ƙafarsa ta hagu, a duk wurin ukun, akwai wani siririn layi miƙaƙƙe kamar an dasa wuƙa a ƙasa an zare, tsawon kamu ɗaya da rabi. Jilala ya daɗe yana kallon layin nan. Ba sanda ba ce, ba gindin bokiti ba ne, ba tsani ba ne. Ya sa aka kawo kwanduna uku ya kife a kai, ya ce duk wanda ya taɓa su shi da ntemi.

Sai a lokacin ya miƙe ya shafa bangon. Ba gawayi ba ne. Baƙin bai bi yatsansa ba.

Da ya koma wajen kekensa ya tarar da Kwangu, matar Sayi, a tsaye da goyo. Mutane sun dare sun bar mata fili kamar mai cuta. Ba ta dube shi ba, tunda doka ta hana. Sirdin keken ta kalla.

"Keke," in ji ta, "ka gaya wa mai kai mijina yana gida har gari ya waye. Zazzaɓi ya hana shi fitowa yau. Na san ba a karɓar shaidar mata a kan mijinta, shi ya sa kai nake gaya wa."

Jilala ya matsa tayar baya da babban yatsa kamar mai duba iska.

"Keken nan kurma ne," ya ce wa tayar. "Amma ƙasa ba ta san matar kowa ba. A je a ba yaro nono."

* * *

Ntemi ya ba Jilala izinin magana da wanda aka ware. Ya sami Sayi zaune a kan buhun taki a ɗakin ajiyar ofis, siriri, leɓensa a fashe, yana rawar ɗari. Jilala bai taɓa ƙaunar mutumin nan ba. Shekaru uku da suka wuce Sayi ya zana shi yana zagaya bishiya yana bin sawun kansa, jikokinsa har yau suna tsokanarsa da abin.

Jilala ya karɓi takalman Sayi ya juya su. Tabon facin yana nan. Ya tambaye shi ko Kashinje ya taɓa ba shi wani abu. Sayi ya ce ya taɓa aiko masa da akuya, shi kuwa ya zana akuyar sanye da hular Kashinje ya mayar masa da ita. Ya tambaye shi ko yana da fenti. Sai Sayi ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Mzee, ni da fenti? Da gangan nake yi da gawayi, don ruwa ya wanke. Mutum ya sha dariya kwana biyu ya koma harkarsa. Wanda ya yi wannan so yake ya zauna."

Jilala ya ce mutane na cewa wannan karon biyansa aka yi don ya zauna ɗin. Sayi ya yi murmushin da ya sake tsaga leɓensa, ya ce shekara bakwai yana koya musu su yi shakkar manya, ashe bai koya musu su yi shakkar bango ba.

Jilala ya dubi bangon ɗakin. Ya ce ya nuna masa yadda yake aiki. Sayi ya tashi da ƙyar, ya tsinci wani guntun bulo, ya ja layi biyu a bangon ɗakin. Sai ya ja da baya taku uku, ya karkata kai, ya dawo ya ƙara layi, ya sake ja da baya. Bai ma san yana yi ba.

"Kullum haka kake yi?"

"Yi me?"

Jilala ya mayar masa da takalmansa ya fita. A gaban bangon ma'ajiya ya tsaya ya sake dubawa, wannan karon daga nesa. Ga shi nan kuwa, abin da ya taka da safe bai kula ba: wani ɗan kwari a ƙasa, daga gindin bango zuwa taku uku, wanda ƙafa ɗaya ta sassaƙa cikin shekara bakwai na gaba da baya. Mai sawun safiyar nan bai bi kwarin ba ko sau ɗaya.

* * *

Gidan Mama Nshoma na warin toka da jiƙaƙƙen bunu. An tafi da tsohuwar asibitin mishan a bayan babur. Nshoma na zaune a kan kujerar tsakar gida, babbar mace mai furfura, tana tsince fasassun kwanuka daga cikin toka ɗaya bayan ɗaya. Ta amsa gaisuwar Jilala a taƙaice. Ta ce cikin masu jifanta akwai waɗanda ita ta koya wa riƙe fensir.

Ya tambaye ta ko ta je ta ga hoton. Ta ce ta gani. Ya tambaye ta ko tana ganin aikin Sayi ne. Sai ta yi shiru, shirun da ya fi ƙarfin tambayar, ta ci gaba da tonon toka. Jilala ya ajiye shirun nan a ransa.

Wanda ya amsa ɗan ƙanenta ne, Mihayo, sakataren yaƙin neman zaɓenta kuma akawun ma'ajiyar auduga. Saurayi ne tsaf-tsaf, rigarsa a goge, baƙin takalminsa na ƙyalli duk da taɓon gari. Ya kawo wa Jilala kujera da hannu biyu, ya ce ai maganar a fili take: Sayi hannu ne kawai, Kashinje ne kai. Wa zai amfana in an ce gwaggonsa mayya ce? Ya ce tuni sun aika ƙauyuka bakwai na mazaɓar a sanar da abin da Kashinje ya yi wa tsohuwa mai shekara tamanin, kuma mutane suna kuka suna rantsuwa za su rama da ƙuri'a.

"Mihayo," in ji Nshoma ba tare da ta ɗago ba, "kakarka ce, ba takardar talla ba."

"Yi haƙuri, Gwaggo."

Ya duba agogonsa ya nemi izini, ya ce motar ɗaukar auduga za ta zo da yamma kuma bai gama sa wa dilolin auduga lamba ba. Jilala ya bi sawunsa da ido har ƙofa, don sabo. Takalmin kanti, taku gajere, mutum mai tsallake taɓo.

* * *

Mutum ɗaya ne a Malonja yake sana'ar fenti: Doto, mai rubuta allunan shaguna. Shi ya yi duk ƙyallayen Kashinje, kuma kowa ya san haushin Sayi yake ji, don shi ana biyansa ba a kallon aikinsa, Sayi ba a biyansa amma gari na tsayawa. Jilala ya same shi a bayan rumfarsa yana zana kan Kashinje a jikin wani ƙyalle. A ƙafarsa takalmin taya. Da ya ɗaga ƙafa, ga tabon faci.

Jilala ya gane tabon. Ya zauna a kan wata garwa ya ce a ci gaba da aiki, shi hutawa ya zo yi. Doto ya fara zufa. Ya rantse bai fita ba sai da rana ta fito, ya rantse da kabarin ubansa, ya ce in da shi ne ai da kurar ta fi haka kyau. Ya ja gefen kunnen Kashinje, sannan ya ja da baya taku biyu ya kanne ido ɗaya. Ya matso, ya gyara, ya sake ja da baya.

Jilala ya yi tsaki a ransa. Ya tambaye shi inda ya sayi takalmin.

Mai yankan takalmin yana bakin tasha, kuma bai ɓoye komai ba. Tayar babbar mota ce guda ɗaya, mai faci, ya fitar da takalma ƙafa huɗu daga jikinta, tabon ya ratsa dukansu. Sayi ya ɗauki ɗaya, Doto ɗaya. Sauran biyun ƙungiyar manoman auduga ce ta saya wa 'yan dakonta, suna nan a ajiye a bakin ƙofar ma'ajiya, duk wanda zai shiga taɓo sai ya zura.

Jilala ya tambayi wanda ke shugabantar ƙungiyar a bana, duk da ya sani.

"Kansila Kashinje mana," in ji mai takalmin, ya rage murya, ya waiga hagu da dama.

* * *

Kashinje na cikin ma'ajiyar da kansa, ƙato mai tumbi, yana fifita da hularsa. Bai jira tambaya ba. Ya ce ya san abin da ake faɗa a ƙauyuka, kuma ƙarya ce, shi da Nshoma coci ɗaya suke zuwa. Amma ya ce abu ɗaya ya fito fili: bangon nan ya zama masifa. Yau da yamma zai nemi taro ya shafe shi da farar ƙasa, a kuma hana zanen kowa har abada. Gari mai zaman lafiya ba ya buƙatar mai yi wa shugabanni dariya.

Jilala ya lura da yadda maganar ta fito masa sumul, kamar wadda aka daɗe ana tanadi. Ya tambaye shi wa ke riƙe da makullin ma'ajiya. Kashinje ya ce shi da akawu. Ya tambaye shi inda yake da sassafe. Kashinje ya yi tari, ya ce wannan ba ruwan sungusungu, ya kwana a wani gida a ƙauyen gaba kuma ba zai faɗi gidan ba ko za a yanka shi.

A bakin ƙofa ga takalman taya ƙafa biyu. Ɗaya a bushe. Ɗaya da ɗanyen taɓo a jiki.

Jilala na tsugune a kansu ya ji wani sauti daga tsakar ma'ajiyar. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Ya leƙa.

Mihayo ne yake sa wa diloli lamba. Yana da wani faifan kwanon rufi da aka huda haruffa a jikinsa. Sai ya manna shi a jikin dila, ya shafa tawada da buroshi, baƙa ga auduga mai daraja ta ɗaya, ja ga ta biyu. In ya gama sai ya sauke faifan a tsaye, bakinsa ya daki ƙasa kusa da ƙafarsa ta hagu, ya jingina shi da gwiwa, ya tsoma buroshi. Ƙwas. Ya matsa dila ta gaba, ƙafafu a haɗe. Bai dubi abin da ya rubuta ba ko sau ɗaya. Me zai duba? Faifan ya riga ya san abin da zai fito.

Ƙasar tsakar ma'ajiyar cike take da siraran layuka miƙaƙƙu, ɗaruruwa.

Jilala ya gaishe shi, ya yaba masa saurin aiki, ya tambayi wanda ke huda faifan. Mihayo ya ce shi ne, da kurfi da almakashin kwano, can a kan wancan benci. Jilala ya je ya zauna a bencin yana ɗaure igiyar takalminsa da ba ta kwance ba. An share ƙarƙashin bencin tas. Amma tsintsiya ba ta shiga tsagar da ke tsakanin ƙafar benci da bango. Ya zura yatsu biyu ya zaro wani ɗan guntun kwano mai lanƙwasa, ya jefa a aljihu.

* * *

Ƙarfe huɗu duk Malonja na gaban bangon. Maza a zaune a ƙasa, mata a tsaye a baya, Kwangu ita kaɗai a gefe. Aka fito da Sayi. Ntemi Bundala ya zaunar da Kashinje a dama, Mama Nshoma da Mihayo a hagu, Doto a tsakiya yana share zufa.

Kashinje ya nemi ya fara magana a kan shafe bango. Ntemi ya ce ya jira mai sawu.

Jilala ya sa aka share wuri biyu a gindin bangon aka yayyafa ruwa. Ya ba Sayi gawayi, ya ba Doto, ya ce kowa ya zana masa kan kura. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce tsohon ya rikice. Da suka gama ya kira ntemi da dattawa uku ya nuna musu ƙasa: sawu gaba, sawu baya, gaba, baya, kamar an yi rawa. Sannan ya ɗage kwandunan nan uku.

"Wanda ya yi kurar nan bai ja da baya ya dubi aikinsa ba," in ji shi. "Ba mai zane ba ne. Ku dubi layin da ke kusa da ƙafarsa ta hagu, ku riƙe shi a ranku."

Ya ce motar auduga na jira, bai kamata shari'a ta tsayar da aikin manoma ba. Ya sa aka mirgino dila ɗaya daga ma'ajiya zuwa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, aka kawo faifai da tawada, ya roƙi akawu ya sa mata lamba a nan. Mihayo ya dubi gwaggonsa, ya dubi ntemi. Ba yadda zai ƙi. Ya manna, ya shafa, ya sauke faifan.

Ƙwas.

A cikin shirun nan har na baya sun ji. Ntemi ya sunkuya ya dubi sabon layin, ya taka ya dubi tsofaffin uku. Jilala ya ciro guntun kwanon daga aljihu, ya ɗora shi a kan wutsiyar hawainiyar da ke bango. Ya zauna daidai, ko gashi bai ragu ba.

Taron ya yunƙura. Mihayo ya saki buroshin, ya nuna Kashinje da hannu, ya ce shi ya tilasta masa, ya ce in bai yi ba zai kore shi daga aiki. Nan take sanduna suka juya dama. Kashinje ya miƙe yana rantsuwa, ba mai jin sa, har wasu sun fara neman duwatsu.

Mama Nshoma ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba, irin tsayuwar da take yi a gaban aji ta yi, sai hayaniyar ta mutu da kanta.

Ta ce tun da safe ta gane fuskar da ke kan kurar. Daga wani hoto aka kwafe ta, hoton ranar da ta yi ritaya, da wannan ɗaurin ɗankwalin da ba ta sake yi ba. Hoton bai taɓa fita daga akwatinta ba, kuma mutum ɗaya ta ba makullin akwatin don ya ɗauko takardunta. Ta ce ta yi shiru tun safe tana roƙon Allah ya sa ta yi kuskure.

Ta juya ga Mihayo.

"Ɗan ƙanena, dube ni. Kashinje ne ya sa ka?"

Ya dubi takalmansa.

"Dube ni, na ce."

"Gwaggo, an sha gabanmu a ƙauyuka biyar." Muryarsa ta sirance. "Na ce in suka ga an yi miki wannan ƙazafin za su ji haushin Kashinje, su tausaya miki. Hawainiyar kuwa, in ba ita ba wanda zai tsaya ya kalla. Na zaci za su yi fushi ne. Ban zaci za su yarda ba."

Mutane da yawa suka sunkuyar da kai a wannan kalmar.

Nshoma ta ce a aika ƙauyuka bakwai ɗin nan, da bakin mutanenta, a faɗa musu Kashinje ba shi da hannu, daga gidanta abin ya fito. Wani daga cikin magoya bayanta ya ce Mama, ai zaɓen ya tafi ke nan. Ta ce to ya tafi.

* * *

Ntemi ya yanke hukunci a tsaye. Za a miƙa Mihayo ga 'yan sanda, garin kuma ya ware shi. An ɗage wariyar Sayi da iyalinsa. Shi ntemin ya fara miƙa masa hannu, sai mutane suka yi ca, kowa na cewa shi dama bai yarda ba. Wata mai tumatir ta cika wa Kwangu kwano ba a tambaye ta ba.

Kashinje, da ya dawo hayyacinsa, ya sake tayar da maganarsa. Ya ce yanzu kowa ya gani, bangon da za a iya yi wa ƙarya a kansa gara babu shi. Kawuna da dama suka gyaɗa. Ntemi ya ce a fara shafe kurar tukuna.

Sayi ne ya shafe ta da kansa, da farar ƙasa, yana layi don zazzaɓi. Da ya gama bai ajiye hannu ba. Ya matso kusa da Jilala ya tambaye shi a hankali ko ya ga ƙafafun da suka tsaya a ƙofar Mama Nshoma da safe. Jilala ya ce ya gani. Ya tambaye shi ko ya san masu su.

Jilala ya dube shi. Mutumin nan yanzun nan aka mayar da shi cikin mutane, ko sa'a ɗaya ba a yi ba. Ya gaya masa haka. Sayi ya ce ya sani.

Jilala ya sunkuya kusa da kunnensa ya fara kiran sunaye.

Sayi ya ɗauki gawayin ya koma busasshen ɓangaren bangon. Ya zana hannaye a sama riƙe da duwatsu, sannan ya fara sa musu fuskoki. Mahauci. Mai tumatir ɗin nan. Mai kaɗa ƙararrawar coci. Duk fuskar da ta fito sai shirun ya ƙara nauyi. Kwangu ta rungume goyonta. A gaban jerin ya zana mutumin da bai ɗauki dutse ba, ya dai tsaya da sandar mulkinsa a hammata yana kallon sama, kuma tun kafin a gama hancin kowa ya gane ntemi Bundala.

Kashinje ya buɗe hannaye yana duban jama'a, alamar kun gani ko. Kalma ɗaya daga ntemi ta isa a mayar da Sayi inda ya fito.

Ntemi ya taka a hankali har gaban hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa fuskarsa.

"Luhende," ya ce, "a wurin na tsaya, haka ne. Amma hancina bai kai haka ba."

Mama Nshoma ce ta fara dariya, gajeriya, mai ɗaci. Sai mahauci ya kama, yana rufe fuska da hula, sai mai tumatir, sai ta bazu har bayan taro. Kashinje ya sake buɗe baki, ya ga ba mai kallonsa, ya mayar da hularsa ya zauna.

"A bar masa bangonsa," in ji ntemi. "Sayi, rage hancin nan."

Sayi ya ce sai dai ruwa ya rage shi.